Haya ko Mallaka: Ajiyar Bayanai a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Sharhinmu na yau ya fuskanci 'yan'uwanmu na ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, tun daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har zuwa Kuchi da Girkau da Margai.

Mas'alar da za mu tattauna a kanta, ko da yake a zahiri ta yi kama da zancen 'yan bokon Ikko da Abuja wanda bai shafi mai noman gero da dawa ba, in mutum ya yi haƙuri ya bi ta daki-daki zai tarar ta daɗe da shigo masa gida, domin kuwa duk wanda ya taɓa karɓar kuɗin ragonsa ta hannun mai POS, ko ya duba wa ɗansa sakamakon jarrabawa a waya, ko wayarsa ta ɓace ya sayi wata ya ga lambobin mutanensa sun dawo masa cif ba tare da ya sake rubuta ko ɗaya ba, to ya riga ya yi mu'amala da ita, ya sani ko bai sani ba. Mas'alar kuwa ita ce hayar na'ura da rumbun ajiyar bayanai ta hanyar intanet, abin da masu sana'ar suke kira kilawud, wato mutum ko hukuma su bar sayen manyan kwamfutoci suna girkewa a ofis, su riƙa hayar ƙarfin aiki da wurin ajiya daga wasu kamfanoni da suka tara dubban na'urori a gidaje na musamman, suna biyan gwargwadon abin da suka yi amfani da shi. Ra'ayina, wanda zan kawo hujjojinsa, shi ne wannan haya ta fi dacewa da garuruwa irin namu fiye da yadda ta dace da manyan birane, amma fa bisa sharuɗɗa, waɗanda in an yi sakaci da su fa'idar takan juye ta zama nadama.

Ƙasar nan ba baƙuwar rubutu da ajiya ba ce. Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal yana riƙe da ribaɗin wannan yanki, shi kuwa malami ne mai alƙalami, ake rubuta wasiƙu da hukunce-hukunce ana adana su cikin gafaka; bayan zuwan Turawa kuma aka shiga zamanin En'e, inda malamin haraji yake da littafinsa, mai jangali yake da rasidinsa, muhutin alƙali kuma yake rubuta shari'ar gona da ta gado a babban kundi. Sai dai takarda tana da abokan gaba da kowa ya sani, gara da ɗigar daki da gobara da ɓera, ga kuma wanda ya fi su duka ɓarna, wato hannun mutum mai son wani fayil ya ɓace. Jama'a kuma ta ƙaru ainun: ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tambuwal mutum fiye da 220,000, Kebbe kuma fiye da 120,000, ballantana yau da aka ƙara shekaru da dama a kai. Da kwamfuta ta zo sai aka ɗauka an huta, aka riƙa sayo ta ana ajiyewa a ofisoshi da bikin buɗewa da jawabai. Abin da ba a cika gaya wa masu sa hannu a takardar saye ba shi ne, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan jama'a, wadda ake kira saba, ba a kashe ta dare ko rana, tana bukatar wutar da ba ta yankewa, da sanyi a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40, da ɗaki rufaffe wanda ƙurar hunturu ba ta shiga, da ma'aikaci ƙwararre wanda zai haƙura ya zauna kusan kilomita 100 daga birnin Sakkwato yana gadinta alhali ana nemansa a Abuja da albashi ninki uku. Na taɓa shiga wani ofis, ba zan faɗi ko na ina ne ba, na tarar da irin wannan na'ura an lulluɓe ta da tsohon zane, an ɗora mata buta da kwanon abinci a kai, batirinta ya mutu tun bara waccan, sunayen ma'aikatan da aka sha wahalar shigarwa ciki kuwa an koma rubuta su da biro a littafi mai layi.

To, ta yaya hayar ta samo asali? Kamfanin Amazon na Amurka, wanda ya fara da sayar da littattafai ta intanet, ya gina na'urori masu yawa domin kasuwancinsa, ya kuma ƙware wajen sarrafa su, har a shekarar 2006 ya buɗe ƙofa ga kowa ya zo ya yi hayar wurin ajiya da ƙarfin lissafi, ana caji da awa. Google ya biyo baya a 2008, Microsoft kuma a 2010. Hikimar da ta sa abin ya yiwu ita ce wata manhaja da ke raba babbar na'ura guda ta zama ƙananan kwamfutoci masu yawa, kowace tana aiki a keɓe, ba ta ganin abin da ke cikin 'yar'uwarta, ta yadda za a iya tayar da sabuwa cikin minti ɗaya ko biyu, a kuma rushe ta in an gama da ita. A gaban waɗannan kuma akwai wata manhajar mai rarraba masu shigowa, tana tura wannan nan tana tura wancan can, domin kada nauyi ya taru a kan ɗaya. In ta ga cunkoso ya kai wani haddi da mai haya ya ƙayyade, sai a ƙaro na'urori da kansu ba tare da an ta da kowa daga barci ba, in jama'a sun watse kuma a rage su, kuɗin hayar ma ya sauka.

Misalin abin, in za a kusanto da shi, shi ne na kujeru da rumfunan biki. Babu mai hankalin da zai sayi kujera ɗari biyar ya jibge a zaurensa saboda ranar da zai aurar da 'yarsa, su shekara suna cin wuri suna karyewa. Zuwa yake yi wurin mai haya ya ce a kawo ɗari biyu, in ya hango motocin 'yan ɗaurin aure sun fi yadda ya zata ya aika a ƙaro ɗari uku, da la'asar a kwashe, ya biya na yini guda. Mai hayar kuwa ba ya asara, don gobe kujerun suna wani gida. Galibin ayyukan hukuma da na kasuwa haka bukatarsu take, ba ta zuwa daidai wa daida. Hukumar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, tana yi wa ɗalibai kusan miliyan biyu rajista cikin 'yan makonni, ranar da aka saki sakamako kowa ya auka a lokaci guda, sauran watannin shekara kuwa shiru. Albashi ƙarshen wata ne, rabon taki farkon damina, cinikin dabbobi kuma gab da babbar salla. Wanda ya sayi na'ura daidai da ranar cunkoso ya yi almubazzaranci sauran kwanakin shekara, wanda ya saya daidai da ranar da babu kowa kuma ya kunyata ranar da ake bukatarsa.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba, domin mun ga wannan da idonmu a farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sanar da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, ya sa ƙarshen Janairu ya zama wa'adin tsofaffin, sa'an nan ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbin ba su fito ba, har ta kai ana sayen naira da naira a hannun masu POS. Mutanen da ba su taɓa amincewa da kuɗin da ba su ƙirga da yatsunsu ba, tilas ta sa suka koma tiransifa dare ɗaya. Wanda ya shiga karar shanu a kasuwar Tambuwal cikin waɗannan makonni ba zai manta da abin da ya gani ba: an yi ciniki, an tafa, dillali ya sa albarka, mai saye ya latsa wayarsa ya nuna wa kowa cewa kuɗi sun fita, Bafulatani mai sa kuwa yana tsaye da igiya a hannu bai saki ba, yaronsa yana ta duba ƙaramar waya ko saƙo zai shigo. Mai saye ya ce, “Wallahi Baffa, kuɗɗin sun hita wurina, ga shi ka gani.” Baffa ya ce, “Ni dai ban ga komi ba, Alhaji.” Dillali yana tsakani yana ba kowa haƙuri, yana cewa netwok na, a ƙara jinkirtawa; rana ta take, ta karkata, motar da za ta ɗauki shanu zuwa kudu ta cika ta tashi, sa yana nan ɗaure. Babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ya faru shi ne, can a wani gini da babu ɗayansu da ya taɓa gani, na'urorin da aka saya daidai da cinikin kwanakin lafiya sun sami ninkin abin da za su iya ɗauka, saƙonni suka yi layi, wasu suka mutu a hanya.

A cikin wannan hali ne jama'a suka lura cewa wasu sababbin kamfanonin hada-hadar kuɗi, irin su OPay da Moniepoint da PalmPay, kuɗi suna shiga ta wurinsu nan take, alhali manhajojin wasu tsofaffin bankuna masu dogayen benaye suna ta juyawa ba su buɗewa. Dalilan suna da yawa, ba zan ce guda ne ba, amma babba daga cikinsu shi ne yadda aka gina su tun farko domin su iya faɗaɗa in an taru. Moniepoint, alal misali, yana cikin kamfanonin da Google ya bayyana cewa a kan na'urorinsa suke gudanar da aikinsu. Alƙaluman hukumar NIBSS, wadda kuɗin da ke wucewa tsakanin bankuna suke bi ta hannunta, sun nuna cewa abin da aka aika ta wannan hanya ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris na 2023 cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, takardu suka dawo hannu sannu a hankali, amma ɗabi'ar ba ta koma ba. Yau mai shayi da mai tsire da mai sayar da albasa a bakin hanyar Jega duk sun liƙa lambar asusu a jikin teburinsu.

Fa'ida ta biyu ta shafi rumbun bayanan kansa, kuma a ganina ta fi ta farko nauyi, ko da yake ba ta da armashi a baki. Rumbun bayanai na ƙwarai yana da wata ƙa'ida da za ta burge duk wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu: aiki ko dai ya cika duka, ko kuwa ya warware duka. In an cire naira dubu ɗari daga asusun Alhaji, wajibi ne ta shiga asusun Baffa, in kuwa ba ta shiga ba a mayar da ita inda ta fito, kada a bar ta tana reto. Sa'an nan manyan masu bayar da haya ba su ajiye bayani a wuri ɗaya. Suna kwafe shi a gine-gine biyu ko uku masu nisa da juna, kowane da wutarsa da hanyarsa, ta yadda in gobara ko ambaliya ta ci ɗaya, sauran su ci gaba da aiki. Ku ɗauki matar da ta fara awon ciki a ƙaramin asibitin ƙauyensu a ƙasar Kebbe, naƙuda ta zo da gardama aka garzaya da ita babban asibitin Tambuwal, daga nan aka ce sai Sakkwato. A yau duk tarihinta yana cikin kati guda wanda wataƙila an bar shi ƙarƙashin katifa saboda gaggawa, kowane likita sai ya fara tambaya daga farko, a sake gwajin jinin da aka riga aka yi, alhali mintoci suna da tsada. Da bayanin yana rumbu guda da asibitocin uku suke iya buɗewa da izini, da kafin motar ta iso an san rukunin jininta da hawan jinin da aka gani wata biyu da suka wuce. Ba mafarki nake faɗa ba, don tuni ma'aikatar lafiya take tattara alƙaluman wata-wata na asibitoci a wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙira. Abin da ya rage shi ne a sauko da irin wannan tsari daga jimillar alƙaluma zuwa kan majinyaci ɗaya-ɗaya.

Haka kuma littattafan kakanninmu. Mun ji abin da ya sami Timbuktu a Janairun 2013, sa'ad da aka cinna wa dubban rubuce-rubuce wuta a cibiyar Ahmad Baba, mun kuma ga yadda a 2022 aka sa hoton shafuka fiye da 40,000 na waɗanda suka tsira a intanet kowa yana iya dubawa. Gidajen malamai nawa ne a ƙasar nan suke da adaka cike da rubutun hannu wanda ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba?

Yanzu sai sharuɗɗan, kuma zan fara da wanda ya fi kusa da mu. Mutanen Kebbe sun fi kowa sanin darajar takarda guda, domin a zaɓen gwamna na 2019, da aka sake kaɗa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, idon jihar duka kan Kebbe ya koma, daga ƙarshe kuma tazarar ƙuri'a 342 kacal ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmad Aliyu a zaɓen da kowannensu ya haura rabin miliyan. Saboda irin wannan ne hukumar zaɓe ta fito da shafin IReV a 2020, domin a ɗauki hoton takardar sakamakon kowace rumfa a ɗora nan take, kowa ya gani da idonsa kafin a kai ta wurin tattarawa. Niyya ce kyakkyawa, aiki ne kuma da ya dace da haya ƙwarai, tun da rumfuna fiye da 176,000 ne za su aiko da hotuna cikin 'yan awoyi, sa'an nan in an gama zaɓen gama-gari a yi shekara huɗu ba a sake irin wannan taro ba. Amma ranar 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Bayanin da hukumar ta bayar daga baya a rahotonta shi ne an yi kuskure wajen tsara manhajar: an gina ta tana jera kowane sakamako ƙarƙashin jiharsa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na jiha ɗaya ba ne, sai ta rasa inda za ta ajiye shi. Wasu sun karɓi wannan uzuri, wasu har gobe ba su karɓa ba, ba kuma hurumina ba ne in raba wannan gardama a nan. Abin da nake so mai sauraro ya riƙe shi ne, ko da a bisa faɗar hukumar kanta, na'ura ba ta yi kaɗan ba. Tsarin da mutum ya rubuta ne ya karkace, ba a kuwa jarraba shi yadda ya kamata kafin ranar ba. Haya tana ba ka ƙarfi gwargwadon kuɗinka, ba ta gyara maka lissafin da ka shirya a karkace, ba ta kuma mayar da sunan ma'aikacin bogi ya zama na gaskiya don an ɗora shi a na'urar Amurka.

Sharaɗi na biyu shi ne hanya. Saƙon da ya tashi daga waya a Kuchi sai ya hau ƙarfen sabis, ya bi waya ta ƙarƙashin ƙasa har Ikko, sau da yawa ma ya shiga ta ƙarƙashin teku zuwa Turai ko Afirka ta Kudu, inda Microsoft ya buɗe rumbunansa a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024, ya dawo da amsa kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. In ɗaya daga cikin waɗannan gaɓoɓi ya yanke, dukiyarka tana nan lafiya lau, amma kai da ita sai hange. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an rufe layukan waya a jihar Zamfara, sa'an nan a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, Tambuwal tana cikin waɗanda aka ambata. Mutane suka riƙa hawa mota suna tafiya mai nisa don kawai su yi kira ɗaya ko su ciri kuɗi. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka yini suna ba da haƙuri. Saboda haka duk manhajar da za a kawo wa asibitin ƙauye ko ofishin hakimi, in ba ta iya aiki babu sabis, ta riƙe abin da aka shigar a cikin wayar ko kwamfutar har sa'ad da sabis ya dawo ta aika, to ba a yi ta dominmu ba, kada a saya ko da mai tallarta ya zo da kwat da lakataye.

Na uku kuɗi. Galibin manyan kamfanonin nan da dala suke lissafi, kuma mun ga yadda dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, wanda ya sa masu haya da yawa suka wayi gari kuɗin da suke biya ya ninka uku ba tare da sun ƙara komai ba. Amazon ya fara karɓar naira a farkon 2025, amma karɓar naira daban, tsayar da farashi daban. Ga shi kuma sauƙin ƙaro na'ura shi ne sauƙin mantawa da ita a kunne, mita tana gudu har ƙarshen wata. A nan ne ya kamata a waiwayi na gida: gwamnatin tarayya tana da kamfaninta, Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, yana da rumbu a Abuja ya kuma gina wani a Kano, ga kuma 'yan kasuwa masu irin wannan sana'a a Ikko da Abuja da suke caji da naira.

Na huɗu, wanda malamanmu za su fi ni iya warware shi, shi ne hukuncin ƙullin kansa. Abin nan ijara ce ta fuska ɗaya, wadi'a ce ta ɗaya fuskar. Sharaɗin ijara a wurin fuƙaha'u shi ne lada ya zama sananne, amfani sananne, ajali sananne, domin a kauce wa garari. To wajibi ne wanda zai sa hannu a madadin jama'a ya san nawa ne kuɗin ajiya, nawa ne na aiki, nawa ne kuma na fitar da kayansa ranar da ya so tashi, domin wasu kamfanonin shigar da bayani kyauta ne, fitar da shi ne ake biya. Game da ajiya kuwa, asali mai riƙon amana ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ta'addi, ko da yake Malikawa sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka kai musu saboda maslahar jama'a. Kamfanonin nan ba su bi Malikawa ba. Abin da suke rubutawa a takardunsu galibi shi ne, in aiki ya tsaya za su rage maka wani abu daga kuɗin haya, ba za su biya ka asarar da ka yi ba. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gidajen na'urorin kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, waɗanda ba su biya kuɗin kwafi na biyu a wani wuri ba suka rasa bayanansu har abada. Haka nan tsaron gini da na'ura yana wuyan kamfani, amma mabuɗin shiga yana wuyan mai haya. In akawu ya rubuta kalmar sirri a takarda ya manna a bango, ko ya ba abokinsa ya shigar masa da aiki don yana sauri zuwa ɗaurin aure, babu katangar da za ta hana ɓarna. Sirrin majinyaci da na mai bashi da na marayan da ake riƙe wa gado amana ce a shari'a tun kafin a zo ga dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ita ma ta ɗora alhaki a kan wanda ya tara bayanin, ta kuma sa sharuɗɗa kafin a fitar da shi ƙasashen waje. Yana da kyau a sani kuma cewa Amurka tana da doka tun 2018 da ta ba hukumominta damar neman bayani daga kamfanoninta ta hanyar shari'a ko da a wata ƙasa aka ajiye shi. Saboda haka ba kowane kundi ne ya kamata ya ƙetare teku ba.

Da yake Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, ranar tana zuwa da za a tambayi shugabannin Tambuwal da na Kebbe lissafi dalla-dalla, kuma 'yan kwangila za su yi musu layi da takardun sayen na'urori masu tsada, don a saye ake samun kaso, haya ba ta da wannan maiƙo. Shawarata gare su, Allah ya taimake su, ita ce su fara da abu ɗaya ƙarami wanda za a iya auna amfaninsa, kamar kuɗin shiga na kasuwa: kowane mai karɓa da 'yar na'urarsa, kowane rasit ya hau rumbu da lambarsa da lokacinsa, ma'aji ya gani daga ofis, kansiloli ma su gani. In wannan ya zauna shekara guda, a ɗauko jerin ma'aikata, sa'an nan takardun filaye da gonaki, waɗanda rigimarsu ta fi kowace cika zauren hakimi da kotun alƙali. A rubuta a cikin yarjejeniya cewa bayanan mallakin ƙaramar hukuma ne, ba na ɗan kwangilar da ya rubuta manhajar ba, cewa asusun hayar da sunan hukuma za a buɗe shi, kuma mabuɗinsa ya kasance hannun mutum biyu ko uku masu muƙami, don kada canjin gwamnati ko rasuwar mutum ɗaya ta rufe ƙofa. Duk ƙarshen wata a sauko da kwafi guda a ajiye a gida, a kuma riƙa buɗe shi lokaci-lokaci a tabbatar yana karantuwa. Masu aikin kuwa ba sai an ɗauko su daga Ikko ba: akwai 'ya'yan ƙasar nan da suka karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da jami'ar kimiyya ta Aliero da ke nan maƙwabta, da yawansu suna zaune a shagon cajin waya ko suna riƙe da POS ɗin wani, alhali da kwamfutar cinya guda da faifan sola da hayar 'yan dubban naira a wata za su iya gina wa ƙungiyar manoman shinkafa ta fadamar Kuchi rumbun da zai riƙe sunan kowane manomi da girman gonarsa da buhun takin da ya karɓa da ranar da ya biya.